Kun Tambaya, Mun Amsa: Ma'aikaci da Komawa Karatu ta Intanet

Mafi yawan wasiƙun da suka taru mana a wannan watan daga ma'aikata suka fito, waɗanda suka bar aji shekaru da dama, yanzu kuma suke son ɗorawa daga inda suka tsaya ba tare da sun ajiye aiki ba. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, wasu kuma mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Ina da difloma, kuma yau shekara goma sha huɗu rabona da makaranta. Ina fita aiki ƙarfe bakwai da rabi, ba na dawowa sai shida, ga iyali. Ina so in yi digiri ta intanet, na kuma yanke shawarar ɗaukar kwas biyar a zangon farko don in gama da wuri. Me kuka gani? — Malam A. B., ma'aikacin ofis

Wa alaikumus salam, Malam. Kwas biyar sun yi maka yawa, kuma lissafi ne zai nuna maka haka.

Karatu ta intanet yana ɗauke maka zirga-zirga da zaman aji a lokacin da wani ya tsara. Awannin karatun kuwa suna nan daram, ko ɗaya ba ta ragu ba. Jami'o'i suna auna nauyin kowane kwas da abin da ake kira kiredit, kuma kowane kiredit yana da adadin awannin da ake tsammanin ɗalibi zai kashe. A tsarin Birtaniya kiredit ɗaya awa 10 ne, digirin farko kuma kiredit 360, wato awa 3,600. Ɗalibin da ba shi da wani aiki yana ɗaukar 120 a shekara, ya gama cikin shekara uku. Jami'ar Open University, wadda aka kafa a 1969 musamman don masu karatu daga gida, tana gaya wa mai aiki cewa kiredit 60 a shekara zai ci masa awa 16 zuwa 18 a mako, digirin kuma zai ɗauke shi shekara shida. A tsarin Turai na ECTS shekara ɗaya kiredit 60 ce, kowanne awa 25 zuwa 30. A Amurka kuwa kwas ɗaya yawanci kiredit uku ne, kuma ƙa'idar ita ce kowace awa ɗaya ta darasi tana buƙatar awa biyu na nazari, sai ya tashi awa tara a mako na tsawon mako 15.

To ninka tara sau biyar. Awa 45 ke nan a mako, wato ka ɗauki cikakken aiki na biyu.

Yanzu duba makonka. Awa 168 ne. Cire barci na awa bakwai kullum, 49. Cire aiki da tafiya da dawowa, a yadda ka bayyana sun haura 50. Abin da ya rage bai kai 70 ba, kuma a ciki ne za ka ci abinci, ka yi ibada, ka zauna da iyali, ka je gaisuwa da dubiya, ka gyara abin da ya lalace a gida. Idan ma'aikaci mai iyali ya yi wannan lissafi tsakani da Allah, da wuya ya tsira da abin da ya wuce awa 12 zuwa 18. Wannan ya ishi kwas ɗaya ko biyu.

Ga wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Makarantun intanet da yawa suna matse zango ya koma mako takwas, suna tallata shi a matsayin sauƙi. Kwas ɗin da ke cin awa 135 a mako 15, idan aka cusa shi cikin mako takwas zai nemi kusan awa 17 a kowane mako. Ɗaya tak daga irin wannan ya cinye dukan rarar lokacinka. Saboda haka kada ka tambayi "kwas nawa", ka tambayi "awa nawa a mako, na tsawon mako nawa".

Shawararmu: kafin ka biya ko sisi, ka yi gwaji na mako uku. Ware lokutan da kake ganin za ka riƙa karatu, misali awa ɗaya da rabi da sassafe kwana huɗu a mako, da awa huɗu a ranar hutu. Zauna a waɗannan lokuta ka karanta wani littafi mai nauyi a fannin da kake so, kana rubuta ainihin mintunan da ka yi. Adadin da ya fito a mako na uku shi ne naka na gaskiya, domin makon farko zumuɗi ne yake ɗaukar mutum. Fara da kwas ɗaya. In ka ga da sauran numfashi, sai ka ƙara a zango na gaba. Faɗuwa a kwas uku cikin biyar tana jawo asarar kuɗi, ta ɓata maka matsakaicin maki, kuma a wasu makarantun tana sa a ɗora ɗalibi kan gargaɗi tun bai zauna da kyau ba.

Na ga tallar wata jami'a ta ƙasar waje da ta ce za ta ba ni digiri na biyu cikin wata shida, ba jarrabawa, wai za su duba shekarun da na yi ina aiki. Shafinsu yana da kyau, har da hatimin hukumar tantancewa. Yaya zan gane ta gaskiya ce? — Hajiya R. M., akanta

Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. Araha ba ta ado. Abin da kika lissafa, wato gajeren lokaci, rashin jarrabawa, da digiri kacokan a kan ƙwarewar aiki, su ne alamomin da aka san masu sayar da takardun bogi da su. Kyan shafi ba hujja ba ne. A 2015 jaridar New York Times ta fallasa wani kamfani a birnin Karachi na Pakistan da ke gudanar da ɗaruruwan shafukan jami'o'i da makarantun da babu su a doron ƙasa, da hotunan malamai na haya, har da hukumomin tantancewa na ƙarya da su ma shi ya ƙirƙira. Wato hatimin da kika gani yana iya zama daga ɗakin da aka buga tallar ya fito.

Bincike na gaskiya hawa uku ne, kuma ɗaya ba ya tsayawa a madadin sauran.

Na farko, shin ƙasar da jami'ar take ciki ta ba ta izinin ba da digiri? Kada ki bi mahaɗin da ke shafin jami'ar. Ki je da kanki shafin hukumar ƙasar ki nemi sunan. A Amurka, ki duba ko hukumar da ta tantance makarantar tana cikin waɗanda Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar ko majalisar CHEA suka amince da su. A Ingila akwai rajistar Office for Students, a Indiya hukumar UGC, a Najeriya NUC. Akwai kuma kundin WHED na Ƙungiyar Jami'o'i ta Duniya, wanda ke jera manyan makarantun ƙasashe daban-daban. Ki lura da rubutun sunan harafi bayan harafi, domin 'yan damfara sun ƙware wajen ɗaukar sunan sananniyar jami'a su sauya kalma ɗaya. Adireshin da ya ƙare da .edu ma ba tabbaci ba ne: sai daga 2001 aka tsaurara sharaɗin ba da shi, waɗanda suka riga suka mallaka kafin nan an bar musu abinsu.

Na biyu, shin shi kansa shirin karatun ya samu amincewar ƙungiyar masu sana'ar? Jami'a tana iya zama halattacciya, amma digirinta na akanta ko injiniya ko aikin jinya bai kai mutum ga lasisin aiki ba.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ya fi jawo cizon yatsa: wanda za ki kai wa takardar, zai karɓa? Wasu ma'aikatu da hukumomin ƙasashe suna karɓar digirin waje da aka yi a aji, amma suna da sharuɗɗa na daban ga wanda aka yi daga nesa. Ki rubuta wa sashen kula da ma'aikata na wurin aikinki, da ofishin da ke tantance takardun ƙasashen waje a ƙasarki, ki faɗi sunan jami'ar, sunan shirin, da cewa ta intanet ne. Ki nemi amsa a rubuce, ki adana ta. Amsar baki ba ta da amfani ranar da wanda ya ba ki ita ya bar kujerar.

Sauran alamomi: ana kiranki a waya ana matsa miki ki biya yau kafin rangwame ya ƙare, kuɗin digirin dunƙule ne guda, ba a lissafa shi bisa kwas ko zango ba, ba wanda ya nemi takardunki na baya, in kika nemi sunayen malaman ba ki ga wani bincike ko rubutu nasu a ko'ina ba.

Kada wannan ya sa ki ɗauka karatu daga nesa sabon abu ne ko abin zargi. Jami'ar Landan ta fara ba ɗaliban waje damar rubuta jarrabawarta tun 1858, jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu kuma ta fara koyarwa ta wasiƙa a 1946. Nelson Mandela ya yi karatu da dukansu biyun, kuma digirinsa na lauya daga UNISA ya same shi yana tsare.

Na gama kwasa-kwasai huɗu a Coursera, ina da takardun shaida. Za su iya tsaya mini a matsayin digiri wajen neman ƙarin girma? — Malam Y. D., ma'aikacin sashen kwamfuta

A'a, Malam, ba za su tsaya ba, sai dai in wurin aikinka ya rubuta haka a tsarinsa. Coursera da edX, waɗanda dukansu aka kafa a 2012, dandamali ne da jami'o'i da kamfanoni suke ɗora darussa. Takardar shaidar gajeren kwas tana nuna ka koyi wani abu, amma yawanci ba ta ɗauke da kiredit na jami'a. A kan waɗannan dandamali akwai cikakkun shirye-shiryen digiri, sai dai su sai an nemi gurbi, an cika sharuɗɗa, kuma jami'ar ce take ba da takardar da sunanta. Akwai kuma na tsakiya, irin MicroMasters na edX, da wasu jami'o'i suke lissafawa cikin digiri na biyu idan sun ɗauki mutum.

A fanninka takardun ba su tashi a banza ba. Mai ɗaukar ma'aikacin kwamfuta ya fi son ganin abin da ka gina da hannunka, don haka haɗa kowace takarda da aikin da ka yi da ilimin. Gama huɗu ma ba ƙaramin abu ba ne: wani nazari da mujallar Science ta buga a 2019 kan darussan Harvard da MIT a edX ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu rajista suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018.

Ba ni da kwamfuta, sai waya. Zan iya yin karatun da ita? Kuma data nawa zan tanada? — Malama Z. U., malamar firamare

Malama, waya za ta kai ki rabin hanya. Da ita za ki kalli darasi, ki saurari lacca a hanya, ki karanta sanarwa, ki amsa gajerun tambayoyi. Manhajojin da makarantu suka fi amfani da su, irin Moodle da Canvas, duk suna da na waya. Inda za ta gaza shi ne rubuta jinga (aikin gida da malami ke bayarwa) mai shafi goma da jerin madogara, aiki da jadawalin lissafi, da kuma jarrabawa. Mafi yawan manhajojin da ke sa ido a jarrabawar gida kwamfuta suke nema, mai kyamara da makirufo, wasu ma suna kulle komai a allon har sai an gama. Ba sai sabuwa ba. Wadda aka yi amfani da ita ta wadatar, in tana da RAM (ma'adanar da kwamfuta ke aiki da ita) na gigabayit 8, batiri mai riƙe awa uku, da kyamara mai aiki. Nemi takardar sharuɗɗan na'ura daga makarantar kafin ki saya.

Lissafin data kuwa mai sauƙi ne. Duk abin da ke gudu a megabit ɗaya cikin daƙiƙa yana cin megabayit 450 a awa. Ajin bidiyo na kai-tsaye yakan ci daga wajen megabayit 500 zuwa sama da gigabayit ɗaya a awa, gwargwadon kyan hoton da yawan fuskokin da ke allon. Murya kaɗai a Zoom ba ta wuce megabayit 40 a awa. Don haka kashe kyamararki idan malami bai wajabta ba, rage kyan hoton darussan da aka naɗa zuwa 360p, ki kuma sauke su lokacin da kika samu intanet mai ƙarfi. Hoton 360p ya ishi malamin da ke magana. Sai in yana rubuta lissafi ƙanana a allo za ki buƙaci ɗagawa.

Ranar jarrabawa ki tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban, ki cika caji, ki gwada manhajar kwana uku kafin ranar. In intanet ya yanke ana tsaka da rubutu, ɗauki hoton allon da agogo a jiki, ki aika imel nan take. Ƙorafin da aka kai washegari babu hujja da wuya a saurare shi.

Na yi shekara biyu a jami'a na bari saboda rashin kuɗi. Sai na sake daga farko? — Malam H. S., direban kamfani

Ba lallai ba, Malam. Nemi tsohuwar makarantarka ta aika cikakken sakamakonka kai-tsaye zuwa sabuwar, domin da yawa ba sa karɓar wanda ya biyo ta hannun ɗalibi. Haɗa da bayanin abin da kowane kwas ya ƙunsa, saboda da shi za su gwada da nasu. Suna kawai ba ya isa. Abubuwa uku ke sa a ƙi kwas: makin ya yi ƙasa, abin da aka koyar bai yi daidai da nasu ba, ko ya tsufa, musamman a fannin kwamfuta da lafiya. Kuma kowace jami'a tana da iyakar abin da take karɓa daga waje. Da yawa a Amurka suna sharaɗin a yi aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na digirin a wurinsu. Ka sa su rubuta maka adadin kiredit da suka amince da shi kafin ka yi rajista. Bayan ka biya, ba ka da sauran bakin ciniki. Ka fara neman sakamakon da wuri, yana iya ɗaukar watanni.

Shekarata 46. Ina karanta shafi in juya in manta. Anya ƙwaƙwalwata ba ta gama aiki ba? — Hajiya B. I., ma'aikaciyar asibiti

Ba ta gama ba, Hajiya. Mantuwa bayan karatu halin kowa ne, yaro da babba. Tun a 1885 masanin nan Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa sabon abin da aka haddace ya fi saurin zubewa a awannin farko, kuma maimaitawa da tazara ita take tsayar da shi. Matsalar yawancin masu dawowa karatu ita ce hanyar da suke bi: su karanta, su ja layi, su sake karantawa. Wannan yana sa shafin ya zama sananne ga ido, sai mutum ya zaci ya iya.

Yi haka maimakonsa. Karanta sashe ɗaya na minti 20 zuwa 25, rufe littafin, rubuta abin da kika tuna da kalmominki, sannan ki buɗe ki ga abin da ya tsere. Sake gwada kanki washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Yana da wahala fiye da sake karantawa, kuma wahalar ce take sa ya zauna. Darasin bidiyo ma kada ki kalle shi kamar shirin talabijin: tsayar da shi duk minti goma ki faɗi abin da aka ce.

Kina da abin da 'yan shekara ashirin ba su da shi. Duk ƙa'idar da aka koyar, kina da misalinta daga wurin aiki, kuma abin da aka rataya a jikin misali ya fi daɗewa. Inda manya suka fi tuntuɓe shi ne rubutun jami'a. Ba a ɗauko jimlar wani a saka ba tare da an ambaci mai ita ba; makarantu suna tace jinga da manhajoji irin Turnitin, kuma hukuncin yana kaiwa ga soke kwas ko kora. Haka nan ki karanta dokar makarantar kan amfani da ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, domin abin da wani malami ya halatta wani ya haramta, a jami'a guda. In barcinki ba ya kai awa shida, ko mantuwar ta shafi al'amuran yau da kullum ba karatu kaɗai ba, wannan magana ce ta likita.

In gaya wa shugabana a wurin aiki, ko in yi shiru sai na gama? — Malam K. N.

Gaya masa, amma bayan ka karanta dokar ma'aikata. Wasu wuraren ba sa lissafa takardar da aka samo ba da izininsu ba, wasu kuma suna biyan wani ɓangare na kuɗin makaranta da sharaɗin za ka zauna musu wasu shekaru, in ka tafi ka biya. Je masa da jadawalin jarrabawa a hannu, ka nemi hutun waɗannan ranaku tun farkon zango. Kada ka yi jinga a lokacin aiki ko da kwamfutar ofis sai an yarje maka.

Aikina na karɓa-karɓa ne, wani mako dare wani mako rana. Na fara karatu lafiya, sai ɗana ya kwanta asibiti, yanzu an wuce ni da mako uku kuma wa'adin jinga ya wuce. Kunya ta hana ni ko buɗe shafin. In haƙura? — Malama S. G., ma'aikaciyar masana'anta

Allah ya ba yaron lafiya, Malama. Kada ki haƙura, kuma kada ki ɓace. A aji malami yana ganin kujerar da ba kowa ya tambaya. A intanet shiru ba ya gaya wa kowa komai, sai dai a rubuta sifili.

Yau ɗin nan ki buɗe shafin, ki rubuta wa malamin kwas da mai ba ɗalibai shawara imel gajere: abin da ya faru, daga wace rana zuwa wace rana, takardar asibiti a haɗe, da ranar da za ki iya miƙa aikin. Kusan kowace jami'a tana da tsari na uzurin rashin lafiya ko rasuwa, amma yana da wa'adi, sau da yawa 'yan kwanaki bayan ranar miƙa aikin.

Sannan ki ɗauko takardar tsarin kwas ki ga yadda aka raba maki. In jingar da ta wuce kashi 10 ce, jarrabawar ƙarshe kuma kashi 60, to ƙarfinki ya tafi ga abin da ke gaba. Kada ki ce sai kin kalli kowane bidiyo na makonni ukun kafin ki shiga na wannan makon, haka ake zama a baya har zango ya ƙare. Bi darasin da ake ciki, ki riƙa cike giɓin da ya tare miki hanya kawai.

In kin ga ba zai yiwu ba, akwai bambanci tsakanin janyewa, jingine karatu, da daina zuwa. Duba kalandar makarantar: akwai ranar ƙarshe ta janyewa da mayar da wani kaso na kuɗi, akwai kuma ta janyewa ba tare da an rubuta faɗuwa ba. Jinginewa tana ajiye miki gurbi na zango ɗaya ko shekara. Wanda ya daina zuwa bai cike takarda ba, shi ake rubuta wa faɗuwa, kuma bashin kuɗin yana kansa.

A zango mai zuwa ki zaɓi kwas ɗin da darussansa naɗaɗɗu ne, wanda ba ya ba da maki a kan halartar ajin kai-tsaye, ki kuma tambaya ko jarrabawar tana da taga ta awa 24 ko 48 da ɗalibi zai zaɓi lokacinsa a ciki. In makarantar a wata ƙasa take, ki mayar da kowane wa'adi zuwa agogonki ki rubuta a kalanda, ki tuna cewa yawancin ƙasashen Turai da jihohin Amurka suna sauya agogonsu da awa ɗaya sau biyu a shekara. Ranar da jadawalin aikinki na wata ya fito, a ranar za ki zauna ki raba awannin karatun, mafi yawa a makon rana, kaɗan a makon dare.